Daga Doka ta Huɗu zuwa Rufe Twitter

A shekarar 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta Huɗu, wadda da ita aka ɗaure 'yan jaridar The Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. A wancan zamani labari ba ya fita sai ta maɗaba'a ko gidan rediyo, saboda haka tsare waɗannan ƙofofi ya ishi mai mulki.

Ina ganin da wannan tsohon tunani aka tunkari Twitter bayan shekara 37. A ranar 2 ga Yuni, 2021, kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari da ya tuna wa masu tada zaune tsaye a kudu maso gabas da yaƙin basasa. Bayan kwana biyu Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya ba da sanarwar dakatar da dandalin, kuma, abin ban dariya, a Twitter ɗin ma'aikatarsa ta wallafa ta.

Matasa suka koma ga VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, suka ci gaba da suka, duk da barazanar gurfanarwa daga Ministan Shari'a Abubakar Malami. Hukumomi kuwa dole suka bi umarnin kansu suka yi shiru, suka bar wa masu sukarsu filin. Nan ne, a ganina, lissafin ya ɓaci.

An ɗage dakatarwar ranar 13 ga Janairu, 2022. A watan Yuli kotun ECOWAS ta yanke cewa matakin ya saɓa wa doka.