Gadojin Khartum da hankalin direba

Babban birnin Sudan garuruwa uku ne da ruwa ya raba: Khartum, Omdurman da Bahri. A Mugran ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, saboda haka tarihin zirga-zirgar birnin tarihin tsallake kogi ne. Turawan Ingila sun kammala gadar Shuɗin Nilu a 1909, sannan a shekarun 1920 suka gina ta Farin Nilu, wadda ta raba mutanen Omdurman da jiran jirgin fito. Gadar Shambat ta biyo baya a shekarun 1960. Duk yawan motocin da aka samu daga baya, ta irin waɗannan 'yan ƙofofi suke kutsawa safe da yamma.

A 1973 Sudan ta bar tuƙi ta hannun hagu, wanda ta gada daga Ingila, ta koma dama, shekara guda bayan Nijeriya. Wannan sauyi an yi shelarsa, kowane direba ya san ranar da zai tattara hankalinsa. Sauyin da ya fi shi taɓa rayuka kuwa ba a yi masa shela ba. A 1997 kamfanin Mobitel, wanda daga baya ya zama Zain, ya fara harkar wayar salula a Khartum. A wannan shekarar ce Redelmeier da Tibshirani suka wallafa bincikensu kan direbobi 699 a Toronto ta Kanada, inda suka gano cewa haɗarin karo yakan ninka kusan sau huɗu yayin da direba yake waya. Abin da ya fi ɗaukar hankali a sakamakon shi ne, na'urar da ke sa a yi magana ba tare da riƙe waya ba ba ta nuna wani sauƙi ba. Ashe matsalar ba ta hannu ba ce, ta hankali ce, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin cewa hankali ke gani, ido gululu ne.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Duba saƙo na daƙiƙa biyu tafiyar mita 33 ce a makance. A titin da rakasha (wato abin da Kanawa ke kira adaidaita sahu), ƙananan bas-bas na amjad, amalanken jaki da masu tafiya a ƙasa suke rububin hanya ɗaya, kamar kewayen kasuwar Omdurman, wannan tazara ta isa ta ci rai.

Da farko waya kayan masu hali ce. Shigowar Areeba, wanda ya koma MTN, da Sudani a tsakiyar shekarun 2000 ta karya farashi, har ta kai ga mai rakasha. Da manhajojin kiran mota irin su Tirhal suka bayyana, sai ta zama kayan sana'a: da ita ake samun fasinja, da ita ake neman hanya. Tun daga nan cewa direba ya ajiye waya ya zama kamar cewa ya ajiye abincinsa, kuma a nan ne wa'azin jami'an hanya ya fi rauni.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya kwashe cunkoson gaba ɗaya. A Nuwamban wannan shekara aka karya gadar Shambat, wadda ta haɗa Omdurman da Bahri sama da shekara hamsin.