Daga Anini zuwa Sule: Tsabar Kuɗin Ƙasar Kuza da Ma'aunin Masu Tara Ta

Tarihin tsabar kuɗi a Jos ba ya rabuwa da tarihin haƙar kuza, domin kuwa tun daga farkon ƙarni na 20, lokacin da ma'aikatan Kamfanin Neja suka kafa sansani a Naraguta, lebura ya fara karɓar ladan guminsa da ƙarfe mai tambarin Sarkin Ingila, kuma da wannan ƙarfen ne hukumar mulkin mallaka ta nace a biya ta haraji. Al'ummomin tsaunin Jos, irin su Berom da Anaguta da Afizere, sun fi sabawa da musayar kaya da kaya, yayin da Hausawan da suka kwararo daga Kano da Zariya da Bauci suka zo da lissafin wuri a kansu. Haraji ne ya tura mutane ramukan kuza neman sulalla, jirgin ƙasan da ya haɗa Zariya da Bukuru a 1914 kuwa ya ƙara yawan masu zuwa, har albashin ƙarshen mako ya zama abin da ke juya kasuwannin barikokin ma'adinai.

Sulallan farko da aka buga musamman domin yankin Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila sun fito a 1907, wato kobo da anini, dukansu da huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a baya, da kuma rubutun Larabci da ke faɗin darajarsu saboda masu karatun allo. Anini, wanda goma daga cikinsa ke yin kobo ɗaya, an fara buga shi da alminiyam, yana cikin sulallan farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, amma da aka ga yana saurin lalacewa sai aka koma gamin jan ƙarfe da nikel a 1908. Sunayen da Hausawa suka raɗa wa waɗannan kuɗaɗe suna ɗauke da tarihin kansu: rabin kobo ya zama ɗari saboda an kwatanta shi da wuri ɗari, kobo uku ya zama taro, kobo shida sisi, goma sha biyu sule, sule biyu kuwa fataka ko dala. Anini ma ya bar gadonsa a harshe, tunda har yau tauraron kafaɗar hafsan soja ana ce masa anini.

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma mai mazauni a Landan, wadda ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913. Da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a 1920 aka maye gurbinsu da wata tagulla mai launin rawaya wadda ke da ɗan surkin kuza a cikinta, abin da ya sa leburan Jos ya riƙa karɓar lada da ƙarfen da ke ɗauke da ɓurɓushin irin abin da ya wuni yana wankewa a kwano. Wannan tagulla ba ta da wuyar kwaikwayo, shi ya sa jabu ya yawaita, har 'yan kasuwa suka koyi wurga sule a kan dutse su saurari amonsa kafin su karɓa. Maganin da hukuma ta yi wa matsalar a 1938 shi ne sabon sule da fataka masu kwari a kewayen gefensu, wanda maƙerin ɓoye ba ya iya fitarwa da zubi.

Wannan gwajin kunne da ido na 'yan kasuwa shi ne kakan abin da masu tara tsoffin kuɗi ke kira tantance daraja, sai dai tambayar ta sauya, daga ko sulen na gaske ne zuwa ko nawa ya rage na kamannin da ya fito da su daga ma'aikata. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda Ba'amurke William Sheldon ya tsara a 1949, mai hawa daga 1 zuwa 70, inda 1 ke nufin sulen da ya side har da ƙyar ake gane shi, 60 zuwa 70 kuwa na wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Kamfanonin PCGS da NGC, da aka kafa a Amurka a 1986 da 1987, su ne suka mayar da wannan aiki sana'a, suna duba sule su ba shi lamba su rufe shi cikin gidan roba. Mai tantancewa yakan fara da wuraren da suka fi tudu, domin nan ne yatsa da aljihu ke fara ci: a sulen Sarki Joji na Biyar ana duba duwatsun kambi da gemu, a baya kuma ganyen bishiyar kwakwar manja, a kobo mai huda kuwa layukan tauraro inda suka sarƙe da juna. Daga nan sai ya nemi ɗan ƙaramin harafin da ke nuna ma'aikatar da ta buga, inda H ke nufin Heaton ta Birmingham, KN kuma King's Norton. Kobo da ɗari da anini na 1936 suna da wata martaba ta daban, saboda wasunsu na ɗauke da sunan Edward na Takwas, sarkin da ya yi murabus kafin a fitar da kuɗi mai hotonsa a Ingila.

Ma'aunin Sheldon yana fifita sulen da bai yi aiki ba, alhali kuwa sulen Jos ya yi aiki. An zura kobo a tsirkiya an ɗaura a ƙugu, an binne sule cikin tukunya, an kai na azurfa wajen maƙeri ya mayar da shi zobe ko awarwaro, saboda haka mafi yawan waɗanda ake tsinta a adakar kakanni suna ƙasa-ƙasa a ma'auni. Ga mai nazarin tarihi, sidewar nan shaida ce ta hannayen da kuɗin ya ratsa, kuma babbar ɓarnar da magada ke yi ita ce goge shi da toka ko yashi ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, wanda ke kankare tsohuwar fatar ƙarfen ya bar zane-zanen da ba sa gyaruwa, ya kuma zubar da darajarsa a idon mai saye.

Ɗaukar hoto ne ke adana wannan shaida ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Ana riƙe sule ta gefe, a ɗora shi a kan baƙin ƙyalle marar sheƙi, a kafe kyamara ko waya daidai samansa, sannan a bar haske ya zo daga gefe a karkace, domin inuwar da yake jefawa ce ke fito da haruffan da suka kusa shafewa, irin rubutun Larabcin da ke kewaye da hudar anini. Hasken taga da hantsi ya fi fitilar kyamara, wadda ke wanke fuskar ƙarfe ta ɓoye tabo. Hoto cikakke yana nuna gaba da baya da gefe, tare da ma'aunin tsawo a kusa, kuma a sulallan 1938 zuwa sama hoton gefen ne ke raba na gaske da jabu.

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa sulallan a 1959, inda kobo da ɗari suka riƙe hudarsu da tauraronsu, sauran kuma suka ɗauki auduga da koko da kwakwa da gyaɗa, amma ba a sa hoton kuza a jikin ko ɗaya ba. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam, sule ɗaya ya koma kobo goma na sabon lissafi, masu tallar kasuwar Jos kuwa suka ci gaba da kiran sabon kobo goman da sunan sule.