Hausar Ciniki da Hausar Zama: Fagge da Sabon Gari

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, baƙon da ya zo fatauci ba ya rasa mai yi masa magana. Ayarin Buzaye daga Agadas da Abzin yakan durƙusar da raƙuma a Fagge, bayan ganuwa, ɗauke da gishirin Bilma da dabino. Buzun da bai iya ko "sannu" ba yana da fatomansa, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya tsakaninsa da mai saye har a sallama. Aikin fatoma ya wuce na tafinta, domin in aka cuci baƙo, ko baƙo ya gudu da bashi, sunan fatoma ne ke ɓaci. Baƙon nan yana cin tuwon gidan, yana jin hirar zaure dare da rana, har kunnensa ya buɗe. Ta irin wannan cuɗanya ce "ayari" da "cokali" suka shigo mana daga Buzanci. Ta nan ne kuma Yarbawan Ayagi da Nufawan Tudun Nufawa suka narke a cikin birni, jikokinsu suka zama Kanawa.

Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, har da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, wato Gana ta yau. A 1913 Turawa suka yanka musu Sabon Gari, suka raba su da ikon Sarki, kuma sai a 1940 unguwar ta koma hannun En'e, wato hukumar Sarki. Sunayen tituna kaɗai sun isa shaida: Abeokuta, Enugu, Gold Coast. Kowa ya sauka kusa da ɗan garinsu. A tsakaninsu Turanci da buroka suka yi aiki, Hausa kuwa a bakin rumfa aka koye ta: "nawa ne", "albarka", "ƙara gyara". Hausa ce mai saurin biyan buƙata, wadda ake ce wa mace "ya zo" ba wanda ya damu, muddin lissafi ya fita daidai. Kwarorin Fagge ta Kudu, wato 'yan kasuwa daga Lebanon da Siriya, su ma ciniki ne ya fara koya musu harshen. Abin da tsarin Turawa ya kawar shi ne zauren da baƙo ke zama a cikinsa.

Wani zai ce ai kasuwa ta yi aikinta, tunda "akawu" da "ashana" da "agogo" daga Yarbanci suka zo, Bayarabe kuma ya tafi gida da "wahala". Haka ne, kalmomi sun yi ta ƙetarawa. To amma a watan Mayun 1953, da rikici ya ɓarke, tsakanin Fagge da Sabon Gari aka zubar da jini, kuma kashe-kashen da aka yi a 1966 sun fi muni. Da yawa cikin waɗanda aka kashe suna jin Hausa, sun shekara suna ciniki da ita. Wani kuma zai ce addini ne ya bambanta mutanen Sabon Gari da na Ayagi. Addini na da tasiri, ban musa ba. Sai dai tun farko akwai Musulmi da yawa a Sabon Gari, Yarbawa da Nufawa, masu asali ɗaya da alƙibla ɗaya da na cikin birni, amma ba su narke kamar 'yan'uwansu ba. Inda aka sauke mutum ne ya raba su.

A yau Sabon Gari na cikin ƙaramar hukumar Fagge. Akwai waɗanda a titin Abeokuta aka haifi kakanninsu, Hausa a bakinsu kamar ta kowane Bakano, kuma har yanzu baƙi ake ce musu.