An Ɗauke Ƙungiya, An Bar Magoya Baya: Tarihin Kafuwar AFC Wimbledon

Ranar 28 ga Mayun 2002 wani kwamitin mutum uku da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta kafa ya yanke hukuncin da har yau bai daina yi wa mutanen kudu maso yammacin Landan ciwo ba. Biyu suka yarda, ɗaya ya ƙi: masu ƙungiyar Wimbledon suna iya ɗauke ta daga unguwar da aka haife ta, su kai ta Milton Keynes, wani sabon gari mai nisan kusan kilomita 90. A rahoton kwamitin har da jan kunne, wai idan magoya baya suka ce za su kafa wata ƙungiyar a madadinta, hakan ba zai amfani ƙwallon ƙafa da komai ba. Kwana biyu da jin haka suka kafa ta.

Wanda zai gane zafin wannan hukunci sai ya san daga ina Wimbledon ta taso. Duniya ta san unguwar ne da gasar tanis, ba da tamaula ba. A 1889 tsofaffin ɗaliban wata makaranta mai suna Old Central suka haɗa ƙungiya, suna buga wasa a Wimbledon Common, wani makeken filin ciyawa da kowa ke da haƙƙin shiga. A 1912 suka samu matsuguni a kan titin Plough Lane, suka shekara kusan tamanin a can. Yawancin waɗannan shekaru a ƙananan gasanni suka yi su, inda ɗan wasa ke tashi daga wurin aiki ya sa takalmin ƙwallo. Sai a 1977, bayan sun ci gasar Southern League sau uku a jere, aka zaɓe su suka shiga rukuni na huɗu na ƙwararru. Shekara tara kacal, a 1986, ga su a rukunin farko.

Wasansu ba mai daɗin kallo ba ne, kuma ba su taɓa cewa mai daɗi ba ne. Doguwar ƙwallo, ƙarfin ƙirji, da rashin jin tsoron kowa, shi ya sa aka yi musu laƙabi da Crazy Gang, wato gungun mahaukata. Ranar 14 ga Mayun 1988 suka haɗu da Liverpool a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, lokacin Liverpool ta riga ta ɗauki kofin lig kuma babu mai tsammanin za a sha wuya. Lawrie Sanchez ya ci da ka, mai tsaron gida Dave Beasant ya tare fenaretin John Aldridge, wanda shi ne karo na farko da aka tare fenareti a wasan ƙarshe na wannan kofi a Wembley, aka tashi 1-0. John Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yana cikin waɗanda suka buga ranar. Daga baya Efan Ekoku na Super Eagles shi ma ya sa rigar ƙungiyar.

Ɓarakar ta fara ne daga fili. Bayan turmutsutsun filin Hillsborough na 1989, wanda ya ci rayukan magoya bayan Liverpool 97, aka shar'anta wa manyan ƙungiyoyi su mayar da filayensu na zama zalla, a daina cunkoson 'yan tsaye. Mai ƙungiyar a lokacin, Sam Hammam, ɗan kasuwa ɗan asalin Lebanon, ya ce Plough Lane ba zai gyaru ba. A 1991 aka kwashe zuwa Selhurst Park, filin Crystal Palace, da sunan zaman wucin gadi. Zaman nan ya kai shekara goma sha biyu. Zanen aro ba ya rufe katara: 'yan kallo ba su da yawa, kuɗin haya na fita, yaran unguwa suna girma ba su taɓa ganin ƙungiyarsu ta yi wasa a unguwarsu ba. Duk mai bin Kano Pillars da ya sha hanyar Kaduna domin kallon wasan da aka kira na gida ya ɗanɗani kaɗan daga cikin wannan.

Ƙungiyar da ba ta da fili kuma tana da gurbi a gasar Firimiya, kaya ce mai sauƙin ɗauka. Hammam ya nemi kai ta Dublin, babban birnin Ireland, hukumar ƙwallon ƙasar ta ce ba ta yarda ba. A 1997 ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga wasu attajiran Norway biyu, Kjell Inge Røkke da Bjørn Rune Gjelsten, tsohon filin kuma aka sayar wa kamfanin kantuna na Safeway. A 2000 ƙungiyar ta faɗo daga Firimiya bayan shekara goma sha huɗu a sama, kuɗin talabijin ya yanke. Ana cikin haka Pete Winkelman ya bayyana. Shi mutumin harkar waƙa ne da ke da shirin gina babban fili a Milton Keynes, haɗe da manyan kantunan Asda da Ikea. Garin, wanda aka kafa a 1967, ba shi da ƙungiya a rukunin ƙwararru, shirin kuma ba zai tafi ba sai da irin wannan ƙungiya. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Luton da QPR da wasu, bai dace ba. A wajen sabon shugaban Wimbledon, Charles Koppel, ya samu shiga. A watan Agustan 2001 Koppel ya sanar da niyyar ƙaura, hukumar lig ta ƙi, aka yi ta ɗaukaka ƙara har magana ta isa gaban mutum ukun nan.

Hujjar Koppel ita ce ƙungiyar na asara kullum, babu wurin gina fili a yankin Merton, ƙaramar hukumar da Wimbledon ke ciki, idan ba a tashi ba za ta mutu. Magoya baya ba su yi gardamar asara ba. Cewa suka yi wanda ya sayi ƙungiya da tsada ya yi lissafin da bai fita ba, shi ya kamata ya ɗauki asararsa. Ƙungiyarsu mai zaman kanta, WISA, har zanen fili ta kawo domin nuna cewa Plough Lane zai ɗauki sabon gini. Amma babbar hujjarsu ta fi ta fili zurfi. A Ingila gurbi a gasa da gumi ake samunsa, daga ƙaramin rukuni a hau zuwa na sama. Milton Keynes na da ƙananan ƙungiyoyinta. Idan tana son ƙwallon ƙwararru, ta ɗauki ɗaya ta reni ta hau da ita, kamar yadda Wimbledon ta hau. Sayen gurbin da wasu suka shekara ɗari suna nema, wannan al'adar Amurka ce, inda mai ƙungiya ke naɗe ta ya kai garin da ya fi tsoka. Shi ya sa har gobe da yawansu ba sa furta sunan ƙungiyar Milton Keynes, sai dai su ce Franchise, sunan da ake ba irin waɗancan ƙungiyoyin na Amurka.

Ni dai a nan ina bayansu. Mai kuɗi na iya mallakar takardun rajista da kwantiragin 'yan wasa. Sunan unguwa da tarihin mutanenta kuwa ajiya aka ba shi.

Ranar 30 ga Mayu aka yi taron magoya baya a Wimbledon. Kris Stewart, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar, ya tashi ya ce shi fa ya gaji da faɗa, ƙwallo kawai yake son kallo. Shi da Ivor Heller da Marc Jones da Trevor Williams suka ja gaba wajen kafa AFC Wimbledon, aka sa mallakarta a hannun Dons Trust, gamayyar magoya baya da aka kafa a farkon wannan shekara, inda kowane mamba ke da ƙuri'a ɗaya komai kaurin aljihunsa. Ba su da ɗan wasa ko ɗaya. Ranar 29 ga Yuni suka kira gwaji a Wimbledon Common, filin da kakanninsu suka fara, mutum kusan 230 suka zo, aka tace. Ranar 10 ga Yuli suka buga wasan sada zumunta na farko da Sutton United, aka lallasa su 4-0, 'yan kallo 4,657 suka watse suna murna kamar an ci kofi. A kakar nan kuwa tsohuwar ƙungiyar, da ke rukuni na biyu, ta yi wasan da bai tara mutum 1,000 ba a Selhurst Park. A 2003 ta faɗa hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci, ta koma Milton Keynes a watan Satumba, a 2004 Winkelman ya saye ta ya sa mata MK Dons.

Sabuwar ƙungiya daga rukuni na tara ta fara, gasar Combined Counties, inda wasu filayen igiya ko ƙarfe ɗaya ne ya raba 'yan kallo da 'yan wasa. Dubban mutane suka riƙa sauka a ƙauyukan da suka saba ganin mutum hamsin. Masu sayar da tikiti, masu share fili, masu buga mujallar wasa, duk 'yan sa kai ne. Tsakanin Fabrairun 2003 da Disambar 2004 sun yi wasan lig 78 ba a ci su ba, abin da babu wata ƙungiya a Ingila da ta taɓa yi. Aikin sa kai yana da nasa tuntuɓen: a 2007 an zaftare musu maki 18 saboda sun sa Jermaine Darlington ba tare da takardar izinin ƙasa da ƙasa ba, don sun manta cewa tsohuwar ƙungiyarsa, Cardiff, ta Wales ce. Da suka ɗaukaka ƙara aka mayar da shi maki 3. A shekarar ce kuma MK Dons ta miƙa wa ƙaramar hukumar Merton kofuna da kayan tarihin tsohuwar Wimbledon, ta janye iƙirarin cewa tarihin nata ne.

Hawa biyar suka yi cikin shekara tara. Na biyar ɗin ranar 21 ga Mayun 2011 ne a Manchester, da Luton, a bugun fenareti bayan an tashi babu ci. Seb Brown, mai tsaron gidan da ya tashi yana goyon bayan Wimbledon tun yana yaro, ya tare fenareti biyu, kyaftin Danny Kedwell ya buga na ƙarshe, ƙungiya ta dawo rukunin ƙwararru. Ranar 30 ga Mayun 2016, shekara goma sha huɗu cif da kafuwa, suka doke Plymouth 2-0 a Wembley suka hau rukuni na uku. Wanda ya ci ta biyun shi ne Adebayo Akinfenwa, ƙaton nan ɗan asalin Najeriya, wanda ya gaya wa 'yan jarida nan take cewa kwantiraginsa ya ƙare, masu neman ɗan wasa su tuntuɓe shi. A 2018 MK Dons ta faɗa rukuni na huɗu, AFC Wimbledon ta tsira, karon farko ke nan da ta zauna a samanta.

Akwai wurin da labarin ba shi da daɗi, kuma masu ba da shi sukan yi saurin wucewa. Tun 2002 AFC Wimbledon a Kingsmeadow take wasa, filin wata tsohuwar ƙaramar ƙungiya mai suna Kingstonian. A 2003 ta sayi hayar filin, masu gida suka koma 'yan haya. Da lokacin komawa gida ya yi, sai ta sayar wa Chelsea filin domin ta samu kuɗin gini, Kingstonian ta fita a 2017. An ba ta kuɗin sallama mai kauri, amma tun daga nan take yawo daga filin aro zuwa filin aro. Laifi tudu ne. Waɗanda suka fi kowa sanin ciwon rashin gida sun bar maƙwabciyarsu a waje. Haka nan a Milton Keynes yanzu akwai samarin da aka haifa bayan 2004, ba su san wata ƙungiya ba sai wannan, ba su kuma ɗauke wa kowa komai ba.

Gidan da AFC Wimbledon ta nufa tsohon filin tseren karnuka ne a kan titin Plough Lane, 'yan taku kaɗan daga inda tsohon filin yake, wanda yanzu gidajen kwana ne. Merton ta ba da izini a Disambar 2015. A ƙarshen 2019, gini na tsakiya, aka gano giɓin fam miliyan 11. Nan tsohuwar tambaya ta dawo da sabuwar riga: wasu masu kuɗi sun yarda su cike giɓin idan za a ba su iko. Cikin magoya baya akwai masu cewa ƙungiyar da ke dogaro da karo-karo ba za ta taɓa gogayya da masu attajirai ba, gara a sassauta. Wasu suka ce ai a kan wannan aka yi faɗan 2002. Sai wasu 'yan kaɗan suka fito da dabarar rance: kowane mai goyon baya ya ranta wa ƙungiya abin da zai iya, shi zai zaɓi shekarun biya da ribar da yake so, wasu ma suka ce ba sa son ko kwabo a kai. Aka tara sama da fam miliyan 5. Nick Robertson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin tufafi na ASOS, ya sayi kashi 10 cikin ɗari, iko ya zauna a hannun Dons Trust.

Ranar 3 ga Nuwamban 2020 aka buga wasan farko a sabon Plough Lane mai ɗaukar mutum dubu tara da ɗoriya. An tashi 2-2 da Doncaster, Joe Pigott ya ci ƙwallon farko, kujeru kuwa fayau saboda annobar korona. Mutanen da suka jira shekara 29 a talabijin suka kalla. Sai a Agustan 2021, a wasan da aka yi 3-3 da Bolton, suka cika filin.

Mallakar magoya baya ba ta hana wahala ba. Bashin gini na nan ana biya, ana sayar da matasan 'yan wasa domin rufe kasafi, a 2022 ƙungiyar ta koma rukuni na huɗu. A Satumbar 2024 kogin Wandle ya yi ambaliya cikin dare, wani sashen filin ya rufta, aka mayar da wasansu na kofin lig da Newcastle can arewa. Cikin 'yan kwanaki aka tara sama da fam 100,000 na gyara, har Newcastle ɗin ta sa nata. Wata guda kafin nan Winkelman ya sayar da MK Dons ga wasu 'yan kasuwar Kuwait. A Mayun 2025 AFC Wimbledon ta koma Wembley ta doke Walsall 1-0 da ƙwallon Myles Hippolyte, ta sake hawa rukuni na uku, ta bar MK Dons a na huɗu.