Annoba da Mallakar Kasuwa a Sabon Garin Zariya, 1918 zuwa 2022

Gabatarwa

Ba a cika tambayar wane ne mai kasuwa ba sai ranar da aka rufe ta. Wannan maƙala za ta duba yadda annoba biyu suka sami kasuwannin Sabon Gari da Samaru, da kuma hannun da ikon rufewa da buɗewa yake a kowane zamani.

Marisuwa da mulki biyu

Sabon Garin Zariya ɗan jirgin ƙasa ne. Hanyar dogo ta iso Zariya a 1911, baƙi daga kudu da sauran sassan Arewa suka kafa mazauni kusa da tasha, kasuwa kuma ta biyo su. Ta wannan hanyar dogo ce murar 1918, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna marisuwa, ta hauro Arewa bayan ta sauka Ikko ta jirgin ruwa a watan Satumba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta hallaka kimanin mutum 500,000 a Nijeriya.

A lokacin Zariya mulki biyu gare ta. Cikin ganuwa yana hannun Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi da ma'aikatan En'e, inda sarkin kasuwa da sarkin pawa suke lura da tsarin ciniki. Wajen tasha da unguwar Turawa kuwa dokokin Turawa ke aiki kai tsaye. Daga cikinsu akwai dokar lafiyar jama'a ta 1917, wadda ta ba jami'an lafiya da duba-gari ikon shiga gida da rumfa. A 1926 aka ƙara da dokar killace masu cuta.

Ƙaramar hukuma a takarda

Gyaran 1976 ya kawar da tsarin En'e, ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a faɗin ƙasa. Tsarin mulki na 1979, da na 1999 bayansa, sun sa kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, da kula da su, cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Bisa wannan, kasuwar Sabon Gari da ta Samaru da shagunan bakin titi da suka ratsa Hanwa duk suna ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, domin Samaru da Hanwa mazaɓunta ne.

Korona, 2020

Da cutar korona ta shigo, Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa dokar zaman gida a Jihar Kaduna ranar 26 ga Maris, 2020. Abin lura shi ne dokokin da ya dogara da su: ta 1917 da ta 1926, wato gadon Turawa. Kwana biyu bayan haka aka sanar shi kansa ya kamu, mataimakiyarsa Dakta Hadiza Balarabe ta ci gaba da jagorancin aikin.

An rufe manyan kasuwanni. Maimakonsu aka kafa kasuwannin wucin-gadi a filayen makarantun gwamnati cikin unguwanni, ana cin su a ranakun da aka sassauta doka domin mutane su sayi abinci. Hikimar ita ce a rarraba cunkoso, a rage tafiya mai nisa. Amma wanda cinsa ya dogara ga cinikin yau, kamar ɗan dako da mai tallar kayan miya, kwanakin rufewa kwanakin yunwa ne gare shi. Ko da aka ɗage dokar zaman gida a watan Yuni, kasuwanni da makarantu ba su buɗe tare da sauran wuraren sana'a ba, sai daga baya, bisa sharaɗin sa takunkumi da wanke hannu da ba da tazara.

Duk waɗannan hukunce-hukunce daga Kaduna suka fito. Rabon ƙaramar hukuma, da hakimai da shugabannin 'yan kasuwa, shi ne faɗakarwa da aiwatarwa. A Ingila kuwa, a watan Mayun 2020, gwamnati ta ware fam miliyan 50 ta raba wa majalisun gundumomi domin kowace ta tsara buɗe titunan cinikinta. Can an haɗa nauyi da kuɗi. Nan nauyin kaɗai ya sauko.

Samaru ta ƙara nuna wani abu. Cinikinta ya rataya ga Jami'ar Ahmadu Bello, malaman jami'a kuwa suna yajin aiki daga Maris zuwa Disambar 2020. An buɗe rumfuna, masu saye ba su dawo ba sai farkon 2021.

Kammalawa

A watan Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar kasuwar Sabon Gari, wadda gwamnatin jiha ta sake ginawa. Ke nan jiha ce ta rufe, ita ta buɗe, ita kuma ta gina, alhali tsarin mulki bai canza ba. Hukumar da ta san kowace rumfa da mai ita ba ta da ikon yanke hukunci ko kuɗin aiwatar da shi. Matuƙar haka ta ɗore, annoba ta gaba za ta tarar da ɗan kasuwar Hanwa yana jiran umarni daga Kaduna.