Daga Tukuba Zuwa Murhun Gas: Tarihin Tsire a Fagge da Sabon Gari

Tun kafin zuwan Turawa Kano a 1903, Fagge zango ne na fatake da Buzaye masu ayarin raƙuma, waɗanda kan sauka a bayan ganuwa. Baƙo kuwa ba shi da murhu, ba shi da mai yi masa tuwo. Saboda haka duk inda zango ya kafu, mahauci yakan kafa tukubarsa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, sai sana'ar ta sami sababbin masu saye. Sunan "suya" ya bi tsire har Ikko. Ɗaliban harshe su lura: a Hausa suya aikin mai ne da kasko, alhali tsire gashi ne. Amma sunan ya riga ya zauna.

Ita tukuba tudun toka ce, wuta a tsakiya. Mai tsire yakan yanka nama falle-falle, ya soke a tsinke, ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli da citta da barkono, sa'an nan ya kakkafa tsinkayen kewaye da wutar. Hikimar ita ce, naman ba ya bisa harshen wuta, yana gefe ne. Zafi ya ƙame bayansa ya yi ja, kitse ya ɗiga cikin toka, hayaƙin itace ya ratsa shi a hankali.

Murhun gas ya sāɓa wa wannan tsari. Wutar tana ƙarƙashin waya, nama yana kanta. Kitse na ɗiga sai wuta ta tashi, ƙuli-ƙuli kuwa ba ya jure haka, nan da nan ya ƙone ya yi ɗaci. Dole mai gashi ya ƙure wutar gefe guda domin ƙame naman, ya rage ta ɗaya gefen domin ya nuna har ciki. Wato dai tukubar ce ake kwaikwaya da ƙarfe.

A ganina gas ya fi dacewa da balangu da kaza. Sai dai itacen da tukuba ke ci daga dazuzzukan da ke ƙarewa ake saro shi, kuma kullum tsada yake ƙarawa, ga shi mai tsiren bakin titi ba kasafai yake da jarin sayen tukunyar gas ba.