Tashar Jirgin Ƙasa ta Rigasa: Tarihinta da Rabonmu a Cikinta

 A bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu na bana, an nemi a rubuta tarihin wani abu da ya taɓa kasuwancinmu. Da muka duba, sai muka ga babu abin da ya sauya Rigasa a 'yan shekarun nan kamar tashar jirgin ƙasa. Kullum muna jin kukan jirgin, wasunmu ma a bakin tashar suke neman abinci, amma ba kowa ya san yadda aka yi ta zo unguwarmu ba.

Sai mun koma baya kaɗan, don ita kanta Kaduna jirgin ƙasa ne ya haife ta. A shekarar 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, suka nufi Kano. Layin ya bi ta Minna, ya ƙetare kogin Kaduna, ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911. A lokacin, inda garin nan yake yau daji ne da ƙauyukan Gbagyi. Ruwan kogi da layin dogo ne suka sa Gwamna Lugga ya zaɓi wurin, aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna a 1917. A shekarun 1920 kuma layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya zo ya haɗe da na farko a Kaduna. Shi ya sa tsohuwar tashar cikin gari ta zama mahaɗa.

Turawa ba don mu suka yi wannan aiki ba. Gyaɗa da auduga da fatu da kuza suke so a kai musu bakin teku. To amma talaka ai bai rasa dabara. Jirgin da ya sauka da gyaɗa shi ke dawowa da goro da manja da gishiri da atamfa, kuma duk inda ya tsaya sai kasuwa ta tsiro. Ku duba sunayen wurarenmu ma kawai: kasuwar tasha da ke kusa da tsohuwar tashar reluwe, da kasuwar Bakin Dogo. Sunan ya faɗi komai. Kakanninmu mata sun sayar da ƙosai da dafaffen ƙwai da rake da fura ta tagar jirgi, da wannan ciniki suka aurar da 'ya'ya.

An kafa hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya a 1955. Bayan samun 'yancin kai, a hankali aka karkata ga kwalta da manyan motoci, aka bar reluwe ba gyara. Kafin shekarun 1990 su ƙare, jirgi ya zama sai jefi-jefi, taragai suna tsatsa, ciyawa ta rufe layi a wurare da yawa. Masu talla a ƙananan tashoshi suka watse, wasu suka koma tashar mota, wasu suka zauna a gida. Wannan shi ne darasin farko da tarihi ya bar mana: ginin tasha ba ya ciyar da kowa, jirgin da ke zuwa yana komawa shi ne kasuwa.

Sabon layin da ya zo mana daban yake da tsohon. Faɗin tsohon ƙafa 3 ne da inci 6, shi kuwa sabon ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Ke nan jirgin wancan ba zai hau kan wannan ba, dole a yi sabon layi da sabuwar tasha. Aka kauce wa tsakiyar gari aka fito ta yamma, aka kafa tashar a ƙarshen Rigasa, cikin ƙaramar hukumar Igabi. An fara aikin a 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya yi shi, da rancen dala miliyan 500 daga wani bankin gwamnatin Sin, gwamnatin tarayya ta cika sauran. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin ranar 26 ga Yuli, 2016. Tsawonsa kilomita 186 daga Idu a Abuja zuwa Rigasa, kuma a tsakani akwai tashoshi kamar Kubwa da Asham da Jere da Rijana da Kakau. Shi ne na farko a cikin sababbin layukan da ya fara ɗaukar fasinja, kafin na Itakpe zuwa Warri a 2020 da na Legas zuwa Ibadan a 2021.

Waɗanda suka daɗe a nan sun san yadda Rigasa take kafin lokacin. Unguwa ce mai ɗimbin jama'a, leburori da 'yan kasuwa da malamai da almajirai, amma hanyar shiga daga Bakin Ruwa abin tausayi ce, da damina laka, da rani ƙura. In kika ce daga Rigasa kike, wasu sai su yi miki kallon 'yar bayan gari. Da tasha ta zo, gwamnatin jiha ta zamanin Malam Nasir El-Rufa'i ta mai da hanyar tagwaye har zuwa bakin tashar. Filaye suka yi daraja, shaguna suka jeru a bakin titi, masu Keke da tasi suka sami sabon layi.

Abu biyu suka cika tashar da mutane. Na farko, a watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida don gyara, aka karkato da jiragen sama zuwa Kaduna, matafiya da yawa suka riƙa ƙarasawa Abuja ta jirgin ƙasa. Na biyu shi ne mai ɗaci: masu garkuwa da mutane sun addabi titin Abuja zuwa Kaduna. Sai ga manya da ƙanana, masu muƙami da talakawa, duk a layi ɗaya ana neman tikiti. A watan Janairun 2018 aka ƙaro taragai, amma duk da haka kujera ba ta isa. 'Yan cuwa-cuwa suka shigo, su saye tikiti su sayar da tsada, wasu fasinjoji kuma su yi tafiyar a tsaye. Don a rage wannan ne aka fara sayar da tikiti ta intanet a watan Janairun 2021.

A waɗannan shekaru mu ma mun ɗan sami rabonmu. Masu abinci suna ciyar da direbobi da 'yan dako da ma'aikata. Masu kunun aya da zoɓo, da masu dambun nama da alkaki da tuwon madara, sun sami masu sayen tsaraba. Wasunmu masu turaren wuta da humra da ɗinki sun sami kwastomomi a Kubwa da cikin Abuja, a je da safe a kai kaya a dawo a kwana a gida, ba tare da zullumin hanya ba.

Sai kuma tsayawa ta fara. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka dakatar da jirgin, bai dawo ba sai ƙarshen Yuli. A watan Oktoban 2021 aka sa wa layin abin fashewa a yankin Rijana, aka tsaya na 'yan kwanaki. Babban tashin hankalin ya zo daren Litinin 28 ga Maris, 2022, kwana kaɗan kafin azumi. 'Yan bindiga suka tayar da bam a kan layi tsakanin Katari da Rijana, suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Abuja wuta. Aƙalla mutum 8 suka rasu, aka tafi da sama da 60 cikin daji, har da mata da ƙananan yara da tsofaffi. Akwai mai juna biyu da ta haihu a hannunsu. Rukunin ƙarshe, mutum 23, ba su fito ba sai ranar 5 ga Oktoba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Jirgin bai sake motsawa ba sai ranar 5 ga Disamba, 2022. Wata takwas cur. Asararmu ba a haɗa ta da ta waɗanda suka rasa rai ko suka sha wuya a daji, amma ita ma gaskiya ce, kuma ya kamata 'ya'yanmu su sani. An saro kayan azumi da na salla, aka wayi gari bakin tasha tsit. Mai tukunya uku ta koma ɗaya, mai ɗaya ta kife tata. Kun dai san ciwon ɗan kasuwa: in riba ta tsaya, jari ake ci. Waɗanda suka tsira da jarinsu su ne masu zubin adashi da ajiya, da masu wata ƙofar ciniki ban da tasha. A watan Agustan 2025 ma jirgin ya sauka daga kan layi a kusa da Asham, aka sake dakatar da shi na wasu makonni. Abin da ya sami kakanninmu a tsohon layi, mu ma mun ɗanɗana shi.

To, ga wadda ba ta taɓa shiga ba, ga yadda abin yake. Ana sayen tikiti ta waya ko a tashar, kuma tun bayan harin 2022 sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Sunan da ke kan tikiti shi ake dubawa, don haka kada ki sayi na wani a hannu. A je da wuri, domin ana binciken kaya kafin a shiga, jirgi kuwa ba motar haya ba ce da za a ce direba ya dakata. Akwai zauren jira da masallaci da banɗaki da wurin ajiye mota. Kujeru aji-aji ne, na talaka da na masu hali, amma duk taragan da na'urar sanyi, kuma kowa da lambar kujerarsa.  Mai zuwa Kubwa ko Dutsen Alhaji ko Bwari gara ta sauka a Kubwa. Mai zuwa tsakiyar birni ko filin jirgin sama ta wuce Idu, inda ƙaramin jirgin cikin Abuja yake, wanda aka buɗe a 2018 aka sake farfaɗo da shi a 2024. Lokacin tashi yakan canza, a tambaya kafin a bar gida.

Gaskiya ɗaya ce, sai mun faɗe ta: har yanzu rabonmu a tashar nan kaɗan ne. Da aka fara, kujerar talaka ba ta kai naira 1,000 ba. Bayan korona ta kai naira 3,000, daga baya ta haura. Mai jarin dubu ashirin sai ta yi lissafi sau biyu kafin ta shiga. Kuma jirgin na fasinja ne, ba irin na dā ba da ake loda buhuna da kwanduna. Yawancin matafiya daga ƙofar tasha sai cikin mota, Rigasa ta gilashi kawai suke ganinta.

Amma akwai abin da ke tafe. A watan Yulin 2021 aka aza harsashin ci gaba da layin daga Kaduna zuwa Kano ta Zariya, a shekarar ce kuma aka ƙaddamar da na Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya. In Allah ya sa aka kammala, Rigasa ta tashi daga ƙarshen layi ta koma tsakiya. Mai saro atamfa a Kantin Kwari ko kayan abinci a Dawanau za ta iya zuwa ta dawo a yini ɗaya.

Tun ran gini ran zane. Wadda ba ta da katin ɗan ƙasa ta je ta yi, ta yi wa 'ya'yanta. Wadda ba ta shiga ajin yaƙi da jahilci ba ta shigo, don tikitin yanzu sai da karatu, ba a son kullum sai an miƙa wa wani waya da kuɗi. Mu gyara ƙunshin kayanmu, a rufe da kyau a sa suna da lambar waya, don matafiyi da ido yake fara saye. Mu haɗa baki mu nemi hukuma ta ware wa mata rumfuna a kusa da tashar, da tarago na ƙananan kaya a farashin da talaka zai iya, hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka. Mu ja kunnen samarinmu kan masu kwance ƙarafan layi suna kai wa 'yan gwangwan: wanda ya cire ƙusa ɗaya, rayukan mutane da tukunyar uwarsa ya taɓa. Sannan kowa ta riƙe zubinta, kada ta jingina duk jarinta da tasha.

Allah ya ba mu zaman lafiya a hanya da gida, ya sa albarka a nemanmu, ya maimaita mana na baɗi.